Ciwon mara da ƙugu: al'ada ce ke tafe ko ciki ne ya shiga?

Assalamu alaikum 'yan'uwana mata. Saura kwana huɗu ko biyar ki ga al'ada, sai mara ta ɗaure, ƙugu ya riƙe, nono ya cicciko yana zafi, ga kasala. Ke kuma kina ta lissafi a zuci: al'ada ce, ko an samu rabo?

Ciwon shi kaɗai ba zai ba ki amsa ba, 'yar'uwa. Bayan ƙwai ya fita, kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba, jiki yana ƙara samar da wani sinadari da ake kira furojestaron. Shi ke kumbura nono da ciki, shi ke kawo kasalar nan, ko ciki ya shiga ko bai shiga ba. Idan bai shiga ba, sinadarin zai sauka, mahaifa ta fara matsewa don ta zubar da shimfiɗar da ta yi. Sai ciwon ya ƙaru, ya sauka har cinyoyi, jini ya zo, bayan kwana biyu ko uku ya lafa. Idan kuwa ya shiga, sinadarin ba ya sauka. Ciwon yakan zama mai sauƙi, yana zuwa yana tafiya, ranar al'ada ta zo ta wuce shiru.

Wasu matan suna ganin ɗan ɗigon jini kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai, lokacin da cikin ke manne wa mahaifa. Launinsa ruwan hoda ne ko ruwan ƙasa, kuma ba ya jiƙa auduga. Da yawa ba sa ganin komai. Tashin zuciya da ƙin warin girki kuwa sukan fara ne wajen mako na 6 na ciki, don haka kada ki zauna jiran laulayi.

Abin da zai raba gardama shi ne tsinken gwaji, wanda ake samu a kusan kowane kemis a Kano. Ki bari ranar al'adar ta wuce, ki gwada da fitsarin farko na safe. Layi biyu ciki ne, ko da na biyun ya fito dishi-dishi. Layi ɗaya kuma al'ada ba ta zo ba, ki sake bayan mako guda, domin gwaji da wuri yakan nuna babu alhali akwai.

Kwanakin jiran nan su suka fi damuna. Mace ta ji mara ta murɗa, ta aika yaro kemis ya karɓo mata ibuprofen ko diclofenac, ko maƙwabciya ta jiƙa mata jar kanwa da sassaƙe wai jini ne ya taru. Don Allah, matuƙar kina zaton ciki, ki dakata da waɗannan. Farasitamol ya isa, sai tsumma mai ɗumi a mara. Mai neman haihuwa kuma ta riƙa shan ƙwayar bitamin da ake kira folik asid tun kafin ta yi ɓatan wata.

Akwai ciwon da ba a jira da shi ko a ce sai gari ya waye. Kin yi ɓatan wata, sai ciwo mai tsanani ya soke ki a gefe ɗaya na mara, ga jini, ga jiri, ko ciwo a saman kafaɗa. Wannan na iya zama ciki ne ya zauna a bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, ba a cikin mahaifar ba, kuma idan bututun ya fashe jini ne ke zuba ta ciki. Maigida ko duk wanda ke kusa ya kai ki Asibitin Murtala, ko na Malam Aminu Kano, ko na Nassarawa, a wannan lokacin. Haka ma idan ciwon baya ya haɗu da zazzaɓi da zafin fitsari, ki je likita ya duba ki, ki kuma faɗa masa ranar da kika fara al'adarki ta ƙarshe.