Motsin Leɓe da Ladabinsa a Harshen Ingilishi

Assalamu alaikum. Malamai da ɗalibai, maganarmu ta yau ta shafi wasu kalmomin Ingilishi da ke bayyana motsin leɓe da ƙarar da yake fitarwa, domin ƙamus yakan gaya wa mutum yadda aka motsa baki, amma ba kasafai yake gaya masa ko motsin ladabi ne ko raini ba.

Mu fara da wajen cin abinci. Idan Bature ya ce "smack one's lips", tanɗar baki yake nufi, wato ƙarar da leɓɓa ke yi idan an ji daɗin miya ko ana kwaɗayinta. "Slurp" kuwa zuƙar shayi ce ko romo da ƙara. A teburin Ingila duka biyun rashin tarbiyya ne, alhali a Japan zuƙar taliya da ƙara ba abin kunya ba ne.

"Pout" turo baki ne irin na yaron da aka hana shi abin da yake so, ko da yake yanzu masu ɗaukar hoto da waya sun ba ta ma'anar yanga. "Purse one's lips" tsuke baki ne, kuma asalinta daga jakar kuɗi ne mai zare, wadda ake ja bakinta ya tattare. Mai yin haka bai ji daɗin abin da ya gani ba, amma ya haɗiye maganarsa. "Smirk" a tsohon Ingilishi murmushi ce kawai, daga baya ta koma murmushin jin kai da mugunta, saboda haka kuskure ne babba ɗalibi ya rubuta ta yana nufin fara'a. "Sneer" ta fi su zafi: ɗage leɓen sama ne cikin wulaƙanci, har masanin kimiyyar halittu Charles Darwin a littafinsa na 1872 ya danganta ta da yadda kare ke bayyana fiƙarsa idan zai yi faɗa.

Inda na fi so mu tsaya shi ne tsaki. Ɗan Nijeriya yakan ce "she hissed", kowa a nan ya gane tsaki ta ja. Amma a kunnen Bature "hiss" hucin maciji ne, ko ƙarar da 'yan kallo ke yi wa ɗan wasan da ba su so, kuma iska waje take fita, alhali a tsaki ciki ake jan ta. Abin da Turawan Ingila suke da shi mafi kusa shi ne "tut" ko "tsk", wanda harshe ke yi a bayan haƙora, kuma bai kai tsaki nauyi ba, don tsohuwa takan yi shi ga wanda ya tsallake layi ba tare da an ɗauke shi zagi ba.

Sunan tsaki na ainihi a Ingilishi daga jikokin bayin da aka kai yankin Karibiyan ya fito: "suck teeth" ko "kiss teeth". John Rickford da Angela Rickford sun wallafa bincike a 1976 inda suka nuna cewa tsaki da harara daga Afirka suka tsallaka teku. Daga Jamaika kalmar ta shiga bakin matasan Landan, a Faransa kuma ana kiransa "tchip", har wasu makarantu suka hana ɗalibai yin sa a aji a 2015. Don haka mai fassara labarin Hausa, idan yarinya ta ja wa uwarta tsaki, "sucked her teeth" zai rubuta, domin mai karatu ya san girman laifin da ta yi.