Concorde: Riba Ya Yi Ko Asara?

Concorde jirgin sama ne mai dogon hanci wanda Ingila da Faransa suka haɗa hannu suka ƙera, ya fara ɗaukar fasinja a 1976. Gudunsa ya ninka na sauti sau biyu. Landan zuwa New York, awa uku da rabi an sauka.

Tun da kamfanin Boom na Amurka ya yi gwajin ƙaramin jirginsa mai gudun da ya zarce na sauti a Janairun 2025 ake ta musu. Wasu su ce Concorde ya yi riba, wasu su ce asara ce tsagwaronta. Kowa da gaskiyarsa, don aljihu biyu ake magana a kai.

A nan ake rikicewa, sai a kasa kunne. Kuɗin ƙera jirgin ba daga British Airways ko Air France, kamfanonin da suka yi jigila da shi, suka fito ba. Gwamnatocin biyu ne suka zuba su daga harajin jama'a, da tsammanin sayar da ɗaruruwa. Guda 20 kacal aka ƙera, 14 suka yi jigila. Kamfanonin jiragen Amurka Pan Am da TWA sun janye daga sayensa a 1973, shekarar da man fetur ya yi tashin gwauron zabi, Amurka kuma ta hana irin wannan gudu a sararin ƙasarta saboda ƙarar da ke girgiza tagogi. Saura sai hanyar teku.

To, kamfanin da aka yafe wa uwar kuɗi, kamar direban da aka bai wa mota ne aka ce mai da gyara kawai zai biya. Yaya ba zai ga riba ba? British Airways ma da ta gano yawancin fasinjojinta ba su san kuɗin tikiti ba, ofis ke biya musu, sai ta ƙara farashi. Wayo iya wayo.

Ga cikinsa. Matsattse ne, kujera 100, alhali Boeing 747 na kwasar wajen 400. Ga shan mai ba sauƙi.

Haɗarin Paris na 2000 ya kashe mutum 113, harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka ya rage matafiya, kuɗin gyara ya hauhawa. A 2003 aka ajiye shi.

Boom na shirin jirgi mai kujera 64 zuwa 80, har injinsa da kansa zai haɗa. Ni dai ina tababa, don wannan karon masu zuba jari ne ke biya, kuma za su nemi kuɗinsu a cikin tikiti.