Hirar Fada, kashi na wannan mako: Seyni Kunce, daga sarjan zuwa janar

Laminu: Jama'a salamu alaikum, barkanmu da warhaka daga nan Damagaram, shayi na kan wuta. Ni da Hadiza ne kamar kullum, ga kuma Kawu mun samo shi yau da ƙyar. Kawu ina gajiya?

Kawu: Ba gajiya ɗana. Ku dai zuba min na farko, mai ɗacin.

Hadiza: Kawu ni fa Kunce a filin ƙwallon Yamai na san sunanshi, sai kuma tsofaffi da ke cewa "da zamanin Kunce ne da ba a yi haka ba". Wai shi a ina ya faro?

Kawu: Daga can ƙasa ya faro ɗiyata. Bazabarme ne, mutumin Fandu, haihuwar 1931. Ya shiga sojan Faransa a 1949, lokacin ba mu da ko tuta, suka kai shi yaƙin Indocin can wajen Biyetnam, suka kuma kai shi Aljeriya. To duk wannan wahala sai 1957 ya samu sarjan.

Laminu: Shekara takwas kafin sarjan? Kai! Yaran yanzu da sun aje kakin.

Kawu: Ai Nasara ba ya saurin ɗora ma baƙar fata galo. Sai da aka samu 'yanci a 1960, ya dawo sojan ƙasa a 1961, sannan hanya ta buɗe, ya tafi lakkol ɗin hafsoshi a Paris 1965 zuwa 1966, a 1973 ya zama shugaban hafsoshin soja gaba ɗaya. Kuma ni a ganina sarjan ɗin nan bai taɓa fita daga jikinshi ba, har ya mutu ƙasar nan kamar bariki ya ɗauke ta. Mutum ne da zai faɗo ma biro da sassafe ba sanarwa, ya duba wa ya zo wa bai zo ba.

Hadiza: To amma Kawu kudeta fa ya yi, juyin mulki ya hau mulkin Nijar. Kar mu shafa mishi mai da yawa.

Kawu: Ya yi mana, 15 ga Afrilu 1974, yana laftanan-kanal. Ku ba ku ga yunwar lokacin ba, fari ya cinye dabbobi, mutane na barin ƙauyuka, ana ta maganar hatsin taimako ba ya isa hannun talaka. Shi ya sa da suka kifar da shugaban ƙasa Diori Hamani mutane da yawa ba su yi kuka ba. Amma an zubar da jini a daren, matar Diori, Hajiya Aisa, a nan ta rasu.

Laminu: Kuma Diorin nan garinmu aka kawo shi ko?

Kawu: Nan Damagaram aka tsare shi, sai 1980 aka maida shi Yamai aka yi mishi ɗaurin talala.

Hadiza: Kun gani ko. Shekara shida. Ba jam'iyya, ba majalisa, kakata ta ce ko a ɗaki mutum sai ya rage murya in zai ambaci sunanshi. Ni wannan tsoro ne Kawu, ba ladabi ba.

Kawu: Da tsoron da ladabin duka akwai, ba zan yi miki gardama ba. Shi ma ai bai kwana da ido biyu rufe ba, an nemi kifar da shi a 1976, aka sake a 1983, ta ƙarshen ma na jikinshi ne, Bonkano.

Laminu: Ƙarshe dai ba bindiga ce ta ɗauke shi ba.

Kawu: Ciwo ne a ƙwaƙwalwa. Ya rasu a asibiti a Paris, 10 ga Nuwamba 1987, Ali Saibu ya hau. Laminu shayin nan ya huce fa, maida shi kan gawayi.