Maki 6.0 ko lissafin kwamfuta? Muhawara kan alƙalancin rawar kan ƙanƙara

Hadiza: Masu sauraro barkanmu da warhaka. Yau Malam Bashir da rigima ya shigo, wai tsohon tsarin ba da maki a rawar kan ƙanƙara ya fi na yanzu.

Bashir: Daɗin kallo na ce, Hajiya, ban ce adalci ba. A gasar Olamfik ta 1984 a Sarayebo, Torvill da Dean na Birtaniya suna gamawa alƙalai tara kowa ya ba su 6.0, maki mafi girma a tsohon tsarin, a ɓangaren salo. Ko wanda bai san wasan ba ya san magana ta ƙare.

Hadiza: Ai 6.0 ɗin ba awo ba ne, jera mutane ake yi. Kowane alƙali ya ce wane na ɗaya, wane na biyu, wanda mafi yawansu suka sa gaba shi ya ci. Shi ya sa mutum ɗaya ya isa ya juya gasa, kamar a gasar Olamfik ta Salt Lake City a 2002.

Bashir: Bafaranshiyar nan.

Hadiza: Marie-Reine Le Gougne, ɗaya daga cikin alƙalai tara. Biyar da huɗu aka ba Berezhnaya da Sikharulidze na Rasha zinariya, aka bar Salé da Pelletier na Kanada. Da zancen matsa mata lamba ya fito, aka dakatar da ita, aka ba Kanada tasu zinariyar. A 2004 hukumar ISU, mai kula da wasan a duniya, ta sauya tsari. Yanzu kowane tsalle da farashinsa. Akwai ƙwararrun da ke duba bidiyo su tantance ko juyin ya cika, sannan alƙalai su ƙara ko su rage daga -5 zuwa +5, a jefar da maki mafi yawa da mafi ƙanƙanta.

Bashir: To me ya hana surutu a Olamfik ta Sochi a 2014, da Sotnikova ta Rasha ta doke Kim Yuna ta Koriya ta Kudu? Lokacin ma ɓoye ake yi wa ya ba da wane maki, sai 2016 aka daina. Kuma makin salo har gobe ra'ayin mutum ne, kwamfuta tarawa kawai take yi.

Hadiza: Wannan na yarda. Amma ɗan wasa yanzu yana karɓar takarda ya ga inda ya yi asara, layi-layi.

Bashir: Ya gani, sai ya koma ya cusa tsalle mai juyi huɗu ko'ina, don nan ribar take. Rawar kuma ta zama ciko.

Hadiza: Lysacek na Amurka fa? Ya ci zinariya a 2010 ba juyi huɗu ko ɗaya.

Bashir: Ki tambayi Plushenko na Rasha, wanda ya yi juyi huɗu amma ya zo na biyu, yadda ya ji ranar.