Zama da Tsohuwar Kyanwa Wadda Ba Ta Gani, Ba Ta Ji

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da ke zaune a gaba, 'yan uwana maza da mata, da ɗaliban da nake hangowa can baya, barkanku da yamma. An nemi in yi magana a kan kula da dabbar gida idan ta tsufa, ni kuwa na zaɓi in tsaya a kan kyanwar da tsufa ya ɗauke wa gani da ji, domin akwai irinta a gidana yanzu haka, kuma ta koya mini abubuwan da ban samu ba a duk shekarun da na yi ina aikin likitancin dabbobi.

Kyanwar ta mahaifiyata ce, Allah Ya jiƙanta, kuma bayan rasuwarta ta dawo hannuna. Yau shekarunta 17. Lissafin da likitoci ke yi shi ne, shekarar farko ta kyanwa tana daidai da shekara 15 ta mutum, a ta biyu ta kai 24, daga nan kowace shekara a ƙara 4. Ke nan tsohuwa ce 'yar shekara 84, kuma duk wanda ya taɓa jinyar kakarsa ya riga ya san rabin abin da zan faɗa.

Ji ne ya fara tafiya, a hankali, har muka daɗe ba mu lura ba. Kyanwa mai lafiya tana jin sautin da ya fi na kunnen mutum sirantaka ninki uku, shi ya sa take jin motsin ɓera a cikin rufin ɗaki alhali mu ba mu ji komai ba. Tamu kuwa ta kai ana buga kwanon abincinta a bayanta ba ta ko kaɗa kunne. Sai kuma ta fara kuka da ƙarfi cikin dare, irin kukan da ke tayar da mutum daga barci, har wata maƙwabciyarmu ta aiko a gaya mini cewa wannan ba kyanwa ba ce ta Allah da Annabi, in gaggauta rabuwa da ita. Ina roƙon ku da ku riƙe wannan: kyanwar da ta kurumce ba ta jin muryar kanta, don haka ba ta san ƙarfin kukan da take yi ba, kamar yadda tsoho mai nauyin kunne ke ɗaga murya a cikin hira. Babu maita a ciki, babu aljanu. Sau da yawa ta farka ne cikin ruɗu tana neman wani nata.

Gani shi ne ya tafi farat ɗaya, kuma a nan nake son in daɗe, domin a nan ake yin asarar da za a iya kauce wa. Wata safiya na same ta tana karo da ƙafar kujera, baƙin idonta ya buɗe ya cika idon, ko da na haska mata tocila bai tsuke ba. Na saki ɗan ƙullin auduga a gabanta, wanda ba ya ƙara kuma ba ya wari, ba ta bi shi da ido ba. Mafi yawan makantar da ke zuwa wa tsohuwar kyanwa kwatsam haka, hawan jini ne ke kawo ta, shi kuma hawan jinin galibi daga ciwon ƙoda yake tasowa. Idan awon hawan jinin ya wuce 160 an shiga haɗari, idan ya haura 180 jijiyoyin bayan ido suna iya fashewa, tantanin da hoto ke sauka a kansa ya ɓalle daga mazauninsa. Akwai magani, amlodifin, wanda mutane ma suke sha, kuma idan likita ya fara ba ta cikin kwana ɗaya ko biyu, a ma'aunin da ya dace da nauyinta, wani lokaci tantanin yakan koma, a samu ɗan gani. Ni na makara. Alamun ƙodar sun daɗe a gabana, tana yawan shan ruwa, tana yawan fitsari, tana ramewa, amma na ɗauka tsufa ne kawai, ga shi kuwa aikina ke nan. Saboda haka duk wanda kyanwarsa ta wuce shekara 10, ya nemi a riƙa auna mata jini da duba ƙodarta, ko a asibitin dabbobi na garinsu, ko a manyan asibitocin koyarwa irin na Zariya da Sakkwato da Maiduguri.

Wasu makantar mu ne muke jawo ta da hannunmu. Kyanwa maciyar nama ce zalla, jikinta yana buƙatar wani sinadari mai suna taurin (taurine), wanda ake samu a nama da kifi, musamman zuciya, kuma tun 1975 bincike ya tabbatar da cewa rashinsa yana lalata tantanin idonta. Kyanwar da ke kama ɓera tana samunsa. Tsohuwar da ta daina farauta, aka bar ta da ragowar tuwo da miya, ita ce abin tausayi. Haka kuma maganin enrofuloksasin da masu kiwon kaji suka sani sosai, idan aka zarce ma'auni yana makantar da kyanwa har abada. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Don Allah kada wanda ya ga tsohuwar kyanwarsa tana ɗingishi ya tausaya mata da Panadol.

To, an riga an rasa ido da kunne, me ya rage mata? Hanci, da gashin baki, da tafin ƙafa, da kuma taswirar gidan da ke cikin kanta. Gashin bakin nan, kimanin 12 a kowane gefe, saiwarsa cike take da jijiyoyi, yana gaya mata akwai bango tun kafin goshinta ya taɓa shi, don haka a hana yara yanke shi ko jan sa. Idan kun ga kyanwa tana goga kumatunta a bakin ƙofa, alama take sawa da ƙamshin jikinta, kuma makauniyar kyanwa da waɗannan alamomin take karanta hanya. Tamu takan fito daga ɗaki ta bi gindin bango, ta wuce randa, ƙafarta ta hau tabarma, daga nan ta san taku kaɗan ya rage ta isa kwanon ruwa. Baƙo zai rantse tana gani.

Na gane darajar wannan taswira ne da jajibirin wata Sallah, lokacin da uwargidana da yara suka yi gyaran gida, aka juya kujeru, aka naɗe tabarmar, aka wanke bango da daɓe da sabulu mai ƙamshi. Da magariba muka neme ta muka rasa. Can na same ta a lungun da ke bayan buhun gawayi, ta manna fuska da bango, jikinta yana rawa, ta yi fitsari a inda take, abin da ba ta taɓa yi ba. Mu muna murnar gida ya yi kyau, ita kuwa an ɗauke mata duniyarta cikin yini ɗaya. Muka mayar da komai mazauninsa, amma sai da ta kwana uku kafin ta sake yarda da ƙafarta. Tun daga ranar, kwanon abinci da na ruwa da robar yashin da take kewayawa a ciki ba sa gusawa ko da taƙi ɗaya, kuma idan ya zama dole a canja wani abu, ɗaya ake canjawa, a bar ta ta saba.

Ɗaukar ta ma yana ɓatar da ita. Idan ka ɗaga makauniyar kyanwa ka dire ta a tsakar gida, ba ta san inda take ba, sai ta yi ta zagaye. In har za a ɗauke ta, a sauke ta a wurin da ta sani, kamar gaban kwanonta. Haka tayar da ita daga barci: ba ta ji takunka ba, ba ta ga inuwarka ba, hannu kawai ta ji a bayanta. Ƙaramar 'yata ta sha yakushi a kan wannan, kuma laifin ba na kyanwar ba ne. Yanzu ta koyi ta ɗan bubbuga ƙasa kusa da ita don ta ji girgizar, ta kawo bayan hannunta gaban hancinta, ta jira har gashin bakin ya motsa, sannan ta shafa ta.

Gidajenmu suna da tarkuna da ba ma gani. Rijiyar da ba a rufe ba, bokitin ruwa, matakalar bene, ƙarƙashin mota ko babur da take fakewa ba ta jin an tayar da inji. Da hunturu kuma murhu, domin tsohuwar kyanwa tana bin ɗumi da jikinta har ta kwanta a kan tokar da ke da garwashi a ƙasa. A yi mata shimfiɗa da tsohon bargo a cikin kwali, a kusurwar da iska ba ta bugawa. Ƙofar waje kuwa an rufe mata ita ke nan. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2002 ya nuna kashi 90 cikin 100 na kyanwoyin da suka haura shekara 12 suna da lalacewar gaɓoɓi, don haka robar yashin ta kasance mai gajeren baki. A riƙa duba faratanta, domin idan ta daina kartar itace sukan yi tsawo su lanƙwashe su shige tafin ƙafar. Abinci kuma a ɗan ɗumama shi don ƙamshinsa ya kai mata, ba albasa ba tafarnuwa, domin suna lalata mata jini. Idan ta yi yini biyu ba ta ci ba, wannan na likita ne, ba na jira ba.

Ɗazu kafin mu fara wani bawan Allah ya tambaye ni, ba gara a sa ta a buhu a kai ta kasuwa ta nemi abincinta ba? Malam, na san ba da mugunta ka yi tambayar ba, al'ada ce da muka taso muka gani. Amma mu tuna hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci daga ƙwarin ƙasa ba. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, amma a fahimtata, sakin yana da amfani ne ga wadda za ta iya nema. Wadda ba ta ganin ɓera, ba ta jin kare, ba ta jin mota, idan ka zazzage ta a bakin kasuwa ka bar ta ne da yunwa da tsoro har ajalinta.

Tamu tana nan. Yawancin yini barci take yi, tana shan maganinta kowace safiya, kukan daren ma ya ragu tun da muka matso da kwalinta kusa da ƙofar ɗakina. Bayan sallar isha'i, idan na zauna a tabarma, takan taso ta bi bangonta, ta wuce randa, ta tsaya ta ɗaga hanci sama, sannan ta miƙe har goshinta ya taɓa gwiwata. Nan take kwanciya, kuma ina jin ƙugin maƙogwaronta a tafin hannuna, irin wanda take yi a kan cinyar mahaifiyata. Lokacina ya cika. Na gode da sauraronku, wassalamu alaikum.