Gudunmawarmu Da Masu Karɓar SSI

Assalamu alaikum. Malam shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, sannunku da zuwa.

A kan asusun gaggawa zan yi magana. Mun saba idan larura ta faɗa wa ɗayanmu, a yi karo-karo a tura masa banki, alhamdu lillahi. Sai dai a nan Amurka, idan mutumin yana karɓar SSI, tallafin da ake bai wa tsofaffi da naƙasassu marasa ƙarfi, kuɗin da muka tura na iya jawo a rage masa ko a dakatar.

Doka ta ce abin da ya mallaka kada ya wuce dala 2,000, ma'aurata dala 3,000, ban da gidan da yake ciki da mota guda. Tun 1989 adadin nan bai motsa ba, ku dubi inda kuɗin haya ya kai a Bronx, nan birnin New York, tun daga lokacin. Kyautar tsabar kuɗi, a watan da ta shigo ana lissafa ta a matsayin kuɗin shiga, dala 20 ta farko ake ɗauke wa kai, sauran a zaftare daga tallafinsa. Abin da ya rage a asusu har wata ya kama kuma ya zama dukiya. Mun tara masa dala 3,000 da zuciya ɗaya, mun tsallakar da shi iyaka, har Medicaid ɗinsa, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga marasa ƙarfi, na iya shiga tangal-tangal.

To, akwai hanya. Idan ma'aji ya biya kuɗin asibiti ko na waya kai tsaye ga masu bin bashin, ba a lissafa shi. Abinci ma tun ƙarshen Satumbar 2024 an daina lissafa shi, don haka iyayenmu mata ku ci gaba da kai tuwo da buhun shinkafa. Idan haya da wuta aka biya masa, ana rage tallafin, amma ragin yana da iyaka, kusan kashi ɗaya cikin uku na tallafin. Rance na gaskiya, wanda aka rubuta za a biya, ba kuɗin shiga ba ne. Wanda naƙasarsa ta same shi kafin shekara 46 yana iya buɗe asusun ABLE, asusun ajiya na musamman don naƙasassu, a ajiye har dala 100,000 SSI ba ta taɓu ba. Da kafin shekara 26 ne, a Janairun 2026 aka ɗaga. Mai karɓar SSDI kuwa, tallafin naƙasa na wanda ya yi aiki ya biya haraji, kyauta ba ta shafe shi ba.

Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a ce a miƙa a hannu a yi shiru. Dole ne a sanar da ofishin Social Security, hukumar da ke biyan SSI, cikin kwana 10 bayan ƙarshen watan, idan kuma suka gano daga baya, bashi za su rubuta wa bawan Allah su riƙa cira wata-wata.

Shawarata, Malam shugaba, kafin ma'aji ya fitar da ko sisi, ya keɓe da mai larurar ya tambaye shi wane tallafi yake karɓa. Ina roƙon a sa wannan cikin dokokin asusun yau. Na gode.