Kun Tare a Sabon Gida? Ku Fara Duba Mita Kafin Ku Kunna Komai

[Hoto: ana sauke kaya daga mota ana shiga da su gida]

Jama'a barkanmu da wannan lokaci. Kwanan nan akwai tambayar da ke ta yawo a shafukan sada zumunta: ko wata guda ban yi da tarewa ba, amma bil ɗin wutar da aka kawo mini kamar na wata uku, daga ina wannan ya fito? Wasu na cewa kamfani ya cuce su, wasu na zargin mai gida. Sau da yawa kuwa babu wanda ya yi cuta. Ranar da aka karɓi makulli ne ba a je an duba mita ba.

Kafin mu je can, abu ɗaya da sauri. A wasu ƙasashe kamfani ɗaya ne ke ba yanki wuta, ba ku da zaɓi. A wasu kuma, irin su Ingila da Jamus, kamfanoni da yawa ne ke sayarwa, ku kuke zaɓar wanda ya yi muku. Ko ta yaya ne, gidan da kuka shiga yana da kamfanin da ke ba shi wuta tun kafin zuwanku. Ku tambayi mai gida ko dillali sunansa, ko ku duba tsohon bil idan an bari.

[Hoto: fuskar mita daga kusa]

Yanzu ga inda ake tafka kuskuren. Mutum ya shigo ya tarar da wuta, ya danna makunni fitila ta kama, sai ya ɗauka lissafinsa zai fara ne ranar da ya yi rajista da kamfani. Wani kuma yana ganin da zarar tsohon ɗan haya ya fita, mita za ta koma sifili ta fara masa daga farko. Duka biyun ba haka ba ne. Mita kamar ma'aunin tafiyar mota take: tun ranar da aka kafa ta take tara lamba, ba ta komawa baya don an sauya mai amfani da ita. Ba ta san an kwashe kaya ba, ba ta san an shigo da wasu ba. Kamfani ma bai sani ba, sai kun gaya masa, tare da lambar da kuka tarar.

Ku duba wannan. A ce ranar da kuka karɓi makulli mita na nuna 24518. Bayan wata guda ta kai 24768. Ku cire na farko daga na biyu, saura 250. Yunit 250 ke nan, su ne naku. To a ce ba ku rubuta lambar farko ba, kuma karatun ƙarshe da kamfani ke da shi 23900 ne, na watannin baya. Ina za a raba tsakanin wutar da tsohon ɗan haya ya sha da taku? Sai a yi ƙiyasi. Tsakanin 23900 da 24518 akwai yunit 618, kuma wani kaso daga ciki, ko ma duka, yana iya faɗowa kanku. A ciki har da wutar da masu fenti da masu gyara suka sha lokacin da gidan yake babu kowa.

Yunit ɗaya, ga wanda bai sani ba, shi ne abin da na'ura mai ƙarfin wat 1000 ke ci cikin awa ɗaya. Fanka mai wat 100 sai ta yi awa goma tana juyawa kafin ta cinye yunit ɗaya. Ku auna yunit 618 da wannan, za ku ga dalilin da ya sa nake ta nanata maganar.

Saboda haka, kafin a jona firij, kafin yara su gano inda soket yake su fara layin cajin waya, ku ɗauki hoton mita. Hoton ya nuna abu biyu a fili: lambar karatu, da lambar ita mitar kanta, wadda aka buga a jikinta. Waya tana ajiye kwanan wata da lokacin da aka ɗauki hoto, wannan shi ne shaidarku. Idan mai gida ko wakilinsa na wurin, ku tura masa hoton nan take, ya zama ku biyu kun gani.

[Hoto: mitoci iri-iri, ɗaya bayan ɗaya]

Wajen karantawa, daga hagu zuwa dama ake bi. Lambobin da ke bayan ɗigo, ko waɗanda aka yi wa jan launi, ba a haɗa su. Idan mitar mai allo ce, wani lokaci sai kun danna maɓalli kafin lambar ta fito, kuma wasu suna nuna karatu biyu, na rana da na dare, domin farashinsu ya bambanta. Ku ɗauki duka biyun. Idan kuma tsohuwa ce mai allurai irin na agogo, duk allurar da ta tsaya tsakanin lamba biyu, ƙaramar za ku ɗauka, amma idan tsakanin 9 da 0 take, 9 za ku rubuta.

Akwai wani abu da ni a ganina ya fi kowanne muhimmanci ga masu shiga bene mai gidaje da yawa. Mitoci a jere suke a wuri ɗaya, kuma rubutun da aka yi musu da alli ko fenti ba kullum yake daidai ba. Ku gwada da kanku. Yawancin mitocin zamani suna da 'yar jar fitila mai ƙyaftawa, wadda ke ƙara sauri idan ana shan wuta da yawa. Ku kashe komai a gidan, sannan mutum ɗaya ya kunna dutsen guga ko butar lantarki, ɗaya ya tsaya gaban mitocin. Wadda fitilarta ta fara sauri a daidai lokacin, ta kuma lafa da aka kashe, ita ce taku. Minti biyar ne, amma akwai waɗanda kan yi shekara guda suna biya wa maƙwabci wuta saboda rashin yin sa.

Masu mitar kati za su ce mu ba ruwanmu, ai sai mun loda muke sha. Da ruwanku. A wurare da dama ana ɗora bashin tsohon mai amfani a kan mita, duk lokacin da aka loda sai a zare wani abu. Kafin ku saka kuɗi mai yawa, ku kira kamfani ku ce sababbin shiga ne ku, a duba ko akwai bashi, a buɗe muku asusu da sunanku. Ku ɗauki hoton ragowar yunit ɗin da kuka tarar.

Idan gidan na da iskar gas ta bututu, ita ma da mitarta, haka za ku yi mata. Ita yawanci da kubik mita take auno, wato ma'aunin yawan iskar, kuma kowane ɗaya ya kai kusan yunit 10 zuwa 11 idan aka juya shi a bil. Kada bambancin lambobin ya ruɗe ku.

[Hoto: ana kwatanta farashi a waya]

Sai zaɓen tsarin farashi, inda ake da zaɓi. Lamba biyu za ku duba: kuɗin kowane yunit, da kuɗin da wasu kamfanoni ke cirewa kullum ko kun kunna wuta ko ba ku kunna ba. Gida mai mutane da yawa, rahusar yunit ce ta fi masa amfani. Mai zama shi kaɗai, wannan na kullum ɗin ya fi kamata ya sa wa ido. Tsayayyen farashi kuma, kuɗin yunit ne ya tsaya, bil ɗin zai ci gaba da hawa da sauka gwargwadon abin da kuka sha. Ku tambaya ko akwai tara idan kuka fita daga tsarin kafin wa'adinsa ya cika. Shawarata, kada ku ɗaure kanku da dogon kwantiragi a makon farko, ku bari ku ga yadda gidan ke cin wuta tukuna.

Gidan da kuka baro ma kada ku manta da shi. Ku sanar da kamfani kwanaki kafin ku tashi, ranar fita ku ɗauki hoton mita, ku tura, ku ba da sabon adireshi don bil ɗin ƙarshe.

Idan bil ɗin farko na sabon gida ya iso, kada idonku ya tafi kan jimillar kuɗi kawai. Ku nemo inda aka rubuta karatun farko, ku ajiye shi kusa da hotonku, ku duba lambar mitar ma. Idan ba su zo ɗaya ba, ko kuka ga an rubuta ƙiyasi ne, ku tura wa kamfani hoton a rubuce, ku nemi a sake lissafi daga ranar da kuka karɓi makulli.